Layin Dogon Mijina Zai Bi Ta Ƙofar Kakata

Anti Delia,

Ki taimake ni kafin ranar Asabar, don ranar ce mijina zai ɗauki zarto ya yanka dutsen da na yi shekara shida ina ginawa a garejinmu.

Mijina, bari in kira shi Neels, ya yi shekara talatin da huɗu a aikin jirgin ƙasa. Da diga ya fara, yana gyaran layi, a zamanin da mai irin fatarmu ba ya hawa kujerar direba, ya kuma ƙare a kan kujerar. Da ya yi ritaya na ɗauka na rabu da jirage. Ashe ƙanƙancewa kawai suka yi suka shigo gida. Mota ta koma kwana a waje, gareji ya zama ƙasa mai cin gashin kanta.

Muka raba aiki: shi layi da wayoyin lantarki, ni duwatsu da bishiyoyi da gidaje. Ni malamar lissafi ce, shekara talatin ina koyarwa a sakandare. Ranar da ya kafa katakon da layin zai bi ya hau dutse, na ɗauko abin awo na auna. Kowa a ƙungiyarsu ta masu ƙananan jiragen wasa ya san ƙa'idar: a kowace mita, kada layi ya tashi fiye da santimita biyu. Nasa biyar yake tashi. Hawan da ke bukatar mita goma sha biyar, shi ya cusa shi cikin mita shida. Na faɗa masa, kuma kuskurena shi ne a gaban abokansa na faɗa. Ya ce, "Malama, ni na hau dutsen gaske da jirgin gaske cikin hazo, ke kuma alli kika hau da shi kan allo. Ina shayinmu?" Shugabansu, Oom Sarel, ya ce, "Ki ba yaron maki ko biyu ne, yana ƙoƙari." Suka yi dariya. Neels ya ɗora kan jirgi shi kaɗai ba tarago, ya haye sumul, ya dube ni.

Na kawo shayin. Ban sake tayar da maganar ba. Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: na lulluɓe hawan nan da ragar kaji da tsofaffin jaridu da filasta, na fente shi, na dasa masa bishiyoyi ɗari uku na soso da waya, kuma duk tsawon lokacin na san abin da nake binnewa. Jira nake yi. Mai koyarwa ta iya jira.

A gindin dutsen na gina wani ɗan farin gida, bai kai kwalin ashana biyu ba. Ɗaki biyu, rufin kwano, ɓaure a bayansa, benci a bakin ƙofa. Gidan kakata ne, Ouma Katrien. Ina da shekara bakwai aka zo aka rubuta lamba da jan fenti a ƙofarta, bayan wata biyu manyan motoci suka kwashe mu zuwa bayan gari. Lambar ma na sa, arba'in da uku, da burushi mai gashi ɗaya. Jar ƙasar tsakar gidan daga ainihin wurin na ɗebo ta. Yanzu filin wasan masu hali ne, sai da na jira mai gadi ya juya baya. Da rariyar shayi na tankaɗe ta. Mahaifiyata ta ga gidan kafin ta rasu, ta daɗe tana kallo, ta ce tagar a hagu take. Na gyara. Neels ya san an taɓa tashinmu, amma bai taɓa tambayata ko gidan wa ne wannan ba. Sau ɗaya ya ce ya yi kyau, sai dai na ɓata ƙofar da jan fenti. Na ce haka na ga dama.

A ƙungiyarsu ba a cewa an gama gini sai an yi buɗewa. Kowane ɗan ƙungiya ya zo da taragonsa ɗaya daga gida, a jona su duka, shugaba ya busa usur, jirgin mai gida ya ja su daga ƙasa har ƙololuwa. Neels da tarago uku ya saba wasa. Wancan makon mutum goma sha biyu suka zo, an gasa nama, matansu suna ta yaba bishiyoyin "Neels". Aka busa usur. Jirgi ya wuce gada, ya fara ja da ƙyar, ƙafafunsa suka shiga juyawa a wuri ɗaya. Sai ya sulalo da baya, shi da taragu goma sha biyu, har na ƙarshe ya sauka daga layi ya kwanta a ruwan gam ɗin da na yi kogi da shi. Wani ya ce, "Direba, ka manta zuba wa layi yashi don kada ya yi santsi ne?" Ina tsaye da tire a hannu ina kallon kunnuwan mijina sun yi ja don kunya. Anti, ban taɓa shan shayi mai daɗin na ranar ba.

Daɗin bai kai kwana uku ba. Yanzu ya zana sabon layi da fensir, mita goma sha biyar cif, wai Oom Sarel ne ya lissafa masa. Layin zai zagayo ta gindin dutse, kuma fensirin ya bi daidai ta ƙofa mai lamba arba'in da uku. Da na ce gidan fa, ya ce, "Kwali ne da gam, Malama. Ki sake wani can gefe, wajen bango." Can gefe. Haka aka ce wa kakata.

Ba zan roƙe shi ba. Danginmu sun taɓa roƙo a kan gidan nan, mun ga amfaninsa. In ɓoye makullin gareji ne? Ko in murƙushe gidan da hannuna kafin zartonsa ya iso? Wani lokaci ina ganin ba gidan ne kaɗai ya kamata in ɗauke daga wurin ba.

Mai Kawo Shayi, daga garin George

*

Mai Kawo Shayi,

Kada ki ɓoye makulli, kada kuma ki murƙushe komai. Ki zauna mu duba takardun ku biyun, tunda ke ma kin san ba a yin maki da fushi.

Mijinki ya yi laifi. Ya wulaƙanta iliminki don abokansa su yi dariya, ya karɓi yabon bishiyoyin da bai dasa ba, ya kuma ɗauki lissafinki ya rataya wa wani. Mutumin da ya yi shekaru ana ce masa hannunsa na diga ne kawai ya kamata ya fi kowa sanin zafin a ce wa mutum ya je ya kawo shayi. Ina zaton daga can ne girman kan nasa ya samo asali, amma sanin asalin ciwo ba ya sa a ƙyale shi.

Ke kuma kin shirya masa jarrabawa biyu ba tare da kin sanar da shi ranar zama ba. Ta farko hawan dutse: kin faɗa sau ɗaya, kika rufe kuskuren da filasta don ya girma. Ta biyu gidan: kin jira ya tambaya, da ya kusa tambaya kika ce haka kika ga dama. Waɗanda suka rubuta lamba a ƙofar kakarki sun san gidan mutane ne. Mijinki kwali da gam yake gani, domin abin da aka bar shi ya gani ke nan. Faɗa masa ba roƙo ba ne. Ki kai shi gareji ku biyu kawai, ba a gaban Oom Sarel ba, ki nuna masa lambar, ki faɗi sunan mai gidan da inda ƙasar ta fito. Ki faɗa masa kuma cewa kin san jirgin zai sulalo, kika yi shiru. Wannan zai fi yi miki ɗaci, shi ya sa dole ki haɗa da shi.

Sai maganar zarto. Na tambayi wani da ya daɗe a wannan sana'a, ya ce kafin a yanka komai ku goge layin sosai, ku ari taragu goma sha biyu, ku sa kan jirgi na biyu ya turo daga baya. Mijinki ya san haka ake yi wa jirgin gaske a hawa mai tsauri, kuma ba direban da ya taɓa jin kunyar a turo shi. In sun haye, dutse ya tsira, gida ya tsira. In ba su haye ba, ke za ki zana sabon layin, tunda ke ce mai lissafi, ki zagaye da shi ta bayan ɓauren.

In ya ji labarin Ouma Katrien ya kuma ɗauki zarto, ki sake rubuto mini, don a lokacin maganar ta bar gareji. Amma kada ki yanke masa hukunci a kan tambayar da ba ki taɓa yi masa ba.

Jirgi mai kai biyu hannu biyu yake so a kan makunni. Ranar sabuwar buɗewa ɗaya hannun ya zama naki, Oom Sarel ya riƙe tire. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya jiƙan Ouma Katrien, ya sa ƙofarta ta kwana inda take.

Anti Delia