Minti Huɗu da Buhun Yashi

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da aikin asibiti. Mu ma lafiya lau, sai gajiya. Na rubuto ne don maganar ba ta waya ba ce, kin san kunnen mahaifiyarki ya fi na zomo.

Na faɗi gwajin ƙarfi na bana. Shekara ashirin da tara ina aikin kashe gobara, ban taɓa faɗuwa ba sai yanzu. Kin san gwajin: mutum ya sa kayan aiki duka, ya hau bene hawa huɗu da naɗin tiyo a kafaɗa, ya sauko, ya ja buhun yashi mai nauyin babban mutum har ya tsallake layi, duk cikin minti huɗu. Ni biyar da rabi na yi, kuma da na kai layin a kan buhun na zauna. An ba ni wata uku in sake. In na kuma faɗuwa za a sauke ni daga mota, a ba ni tebur da littafin masu shiga da fita har in yi ritaya. 'Yata, ban san abin da zan yi da tebur ba.

Don haka na nemi mai horarwa. Akwai wurin motsa jiki a saman shagon masu tayoyi. Na hau na tarar da su uku, na zaɓi wanda ya fi ladabi. Ƙirjinsa kamar ƙofar kanti, amma har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ni. Shi ke ɗaukar mini jaka, shi ke miƙo ruwa, in na yi nishi sau biyu ya ce, "Baba, ya isa haka, ai ka fi samari." Rabon da wani ya gaya mini haka har na manta. Ya ɗauke ni bidiyo zai tura miki, ki ga tsohonki da sauransa.

Ki gaida maigidan. Kada ki faɗa wa mahaifiyarki, ita ta ɗauka hawan jini nake gudu.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa tun kafin in fara, don na san za ka ce na yi rashin kunya.

Na kalli bidiyon sau uku. Baba, ƙirga ce sana'ata, kullum ina ƙirga bugun zuciya da ɗigon ruwa. Mutumin nan naka yana cewa ɗaya, biyu, uku, biyar. Sau bakwai ka ɗaga ƙarfen, ya ce goma ya tafa maka. A ɗagawa ta shida da ta bakwai ma, ka duba hannunsa na hagu, yana ƙarƙashin ƙarfen. Shi ya ɗaga, kai ka yi nishin.

Ban ce mugu ne ba. Kunyarka yake ji. Amma ka tambaye shi takardarsa ta koyon aikin? Shi ya tambaye ka abin da likita ya ce a kan gwiwarka? Ya taɓa zuwa ya ga benen da buhun? In bai san gwajin ba, me yake shirya ka ka yi? Kai surukin kirki ka zaɓa, ba mai horarwa ba.

Ka tuna malaminmu na wasanni a sakandare, wanda muke kira Malam Sake saboda ba shi da magana sai "sake"? Ya sa ni kuka ya fi a ƙirga. Ya yi ritaya, amma yana horar da mutane a filin bayan makarantar da safe. Ya girme ka, furfurarka ba za ta ba shi tsoro ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, Baba. Ni ma na gaji da kwasar marasa lafiyar da kowa ya ji nauyin gaya musu gaskiya.

Ka gaida Umma. Bakina alaikum.

'Yarka.

*

'Yata,

Bayan gaisuwa. Kin ji ni shiru mako uku, fushi nake yi. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, to ke ce maratayin. Na ninke takardarki na cusa a cikin takalmin aiki, na ci gaba da zuwa wurin mutumina ana tafa mini.

Amma magana in ta shiga kunne ta shiga. Ran nan na riƙa ƙirgawa a zuci. Ya ce goma sha biyu, ni ina takwas. Na ajiye ƙarfen na ce, "Ɗan nan, a wace makaranta ka koyi lissafi?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, kai sa'an mahaifina ne. Da wane baki zan ce maka ka kasa?" Na ce, "Da bakin da kake ce mini na iya." Ya ɗauko jakata ya raka ni har ƙasa. Wallahi tausayi ya ba ni, don shi a wurinsa tarbiyya ya nuna.

Washegari na je ofis tun kafin a taru, na gwada kaina da agogo. Minti biyar da sakan arba'in. Mako biyar ina hawa saman shagon tayoyi, na ƙara sakan goma. Na jima zaune a matakala, kuma abin da na ji kunya ce, ba ciwo ba.

Na je wurin Malam Sake. Ban tarar da mai faffaɗan ƙirji ba, wani ƙanƙanin tsoho ne da usur a wuya da gwiwa ɗaya a ɗaure. Na gaishe shi, ya amsa yana kallon tumbina. Ya ce in koma in kawo takardar likita, in ba ita kada in dawo. Ko kujera bai ba ni ba. Saura mako bakwai da 'yan kwanaki.

Allah ya yi miki albarka, duk da haka.

Mahaifinki.

*

Zuwa ga tsohuwar ɗalibata,

Na amsa gaisuwa. Na gane ki, ke ce mai ciwon ciki duk ranar gudu.

Kin rubuto in bi mahaifinki a hankali. Ai bi a hankali ne ya kawo shi nan. Ke kika turo shi, yanzu kuma kin fara jin tausayi. Haka kuke duka.

Ga abin da na yi. Na karanta takardar likita. Na je ofishinsu na ƙirga matakalar da ƙafata, na ja buhun na ji nauyinsa. Na ɗinka irinsa. Ba na ƙirga masa komai, shi ke ƙirgawa da bakinsa, da ƙarfi. In ya gama ba na nuna masa agogo sai ya fara faɗa mini lokacin da yake jin ya yi. Da farko yana kuskure da minti guda. Yanzu bai fi sakan biyu ba. Mutumin da ya san lokacinsa ba mai ruɗinsa.

Kin tambaye ni ko zai ci. Yana da zuciya, ba ya makara, ba ya ƙorafi sai da ido. Da wata uku cif na same shi, da na ce miki e. A mako bakwai, da wannan gwiwar tasa, ban yi alkawari ba. Na gaya masa haka a gaban idonsa, kuma ba zan karya shi don in cika baki ba.

Ki riƙa tafiya da ƙafa. Na san ba kya yi.

Malaminki.

*

'Yata,

Gaisuwa mai yawa. Ki yi haƙuri da rubutun, yanzu na dawo daga filin.

Na gaji. Ban taɓa sanin gajiya tana da ɗakuna da yawa haka ba. Kullum da sassafe ina hawa matakalar makaranta da tiyo a kafaɗa, ɗalibai na leƙe ta taga, tsohon nan na ƙasa yana cewa, "Sake." Jiya na ce masa, "Malam, ka san jika gare ni?" Ya ce, "Ni bakwai. Sake." In na dawo gida sai mahaifiyarki ta dafa ruwa ta gasa mini gwiwa. Ashe tun makon farko ta sani. Ta ce hawan jini ba ya sa mutum ya riƙa kiran buhu a cikin barci.

Lokacina ya sauko minti huɗu da sakan ashirin da biyar, ya tsaya nan kamar jakin da ya ga ruwa. Kwana tara ke nan bai motsa ba.

Shekaranjiya ina jan buhun na tsaya a tsakiya in huta. Malam ya tako ya ce, "Wa ke cikin buhun nan?" Na ce yashi ne. Ya ce, "A'a. 'Yarka ce, hayaƙi ya sumar da ita, rufi na shirin ruftowa. Huta, ba komai." Na so in mare shi. Ban sake tsayawa a tsakiya ba tun daga ranar. Shekarun nan duka na ɗauki gwajin nan a matsayin wulaƙancin da ofis ke yi wa tsofaffi, na manta dalilin da ya sa aka ce minti huɗu.

Gwajin ranar Litinin ne. Wanda zai riƙe agogon, ni na koya masa naɗe tiyo lokacin da ya shigo aiki. Yanzu shi ne shugabana, amma har yau in ya gan ni sai ya miƙe.

Ki yi mini addu'a. Ki gaida maigidan da jikata.

Mahaifinki.

*

'Yata,

Bayan gaisuwa. An yi gwajin.

Na tsallake layin ban tsaya ba, ban kuma zauna a kan buhun ba. Shugaban ya duba agogo, ya rufe shi da tafin hannu, ya ce, "Uku da hamsin da takwas. Baba ya ci." Aka hau tafi.

Ni kuwa na san huɗu da ashirin da biyu na yi. Na ce, "Ɗan nan, nuna mini agogon." Ya matso ya rage murya ya ce, "Baba, don Allah ka bari. Shekara biyu ta rage maka ka yi ritaya." Na ce, "Nuna." Huɗu da ashirin da uku.

Da ke ce a buhun, 'yata, da na makara da sakan ashirin da uku. Ba zan iya hawa mota da wannan a zuciya ba.

Na miƙa hular kwanona. Teburin yana kusa da ƙofa, ina ganin motar in za ta fita. Jiya ta fita sau biyu, sau biyun sai da na miƙe tsaye kafin in tuna. Abin da zafi, ba zan ɓoye miki ba.

Na je na gaya wa Malam. Ya jawo kujerarsa ya ba ni, shi ya tsaya. Da na tashi tafiya ya ce, "Laraba, ƙarfe shida. Kada ka makara."

Zan je.

Mahaifinki.