Muryar Kaka da Ban Adana Ba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara wa Kaka sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, sai ƙaramar da ke haƙori, ta hana uwarta sakat.

Yaya, kunya ce ta hana ni kiranki, shi ya sa na rubuto. Maganar manhajar ɗaukar murya ce, wadda na haɗa wa tsohuwar kwamfutarki don ki naɗi tarihin gidanmu daga bakin Kaka. Wajen haɗa ta na sha wuya. Akwai abin da muke kira linka, shi ke ɗinke gutsattsarin manhaja su zama abu guda. Duk sanda na zo ɗinkin sai ya ƙi, wai ya nemi wani aiki bai samu ba, domin tsarin kwamfutarki tsoho ne, bai san aikin ba. Kwana huɗu ina fama. Abokin aikina ya ce in nemo tsohon laburare, wato kundin ayyukan manhaja, wanda ya dace da tsarin, in bi a hankali. Kin san ni da gaggawa. Sai na rubuta sunan aikin, na bar cikinsa fanko, don kawai linka ya yi shiru. Ya kuwa yi. Na ga jan maɓalli yana ƙiftawa, na aiko miki ina cika baki, har na ce kada ki wahalar da kanki da sauraro, ki turo min kawai in tace.

Jiya na buɗe abin da kika turo. Ashe aikin da na bari fanko shi ke zuba sauti cikin fayil. Zama tara kuka yi da Kaka, har da ranar da kika ce ta yi kuka tana lissafo 'yan'uwanta, amma ko tarinta babu a ciki. Ba ki yi kuskure ba, ni na cuce ku.

Yanzu na gyara, na gwada a tsohuwar kwamfutar ofis na ji muryata da kunnena. Na san likita ya hana Kaka doguwar magana. Duk da haka ki roƙar min ita ta sake ba mu tarihin, ko minti biyar-biyar ne. Kada ki rufa min asiri ki ce na'ura ce ta lalace. Ki ce mata mijin nan nata, da take yabo da ilimi, shi ya yi ganganci.

Ki gaida Kawu da Goggo da Auta. Kaka kam, ba ni da bakin gaishe ta sai ta yafe.

Ƙaninki.