Direban da Ke Sauya ’Yan Gaba a Kan Hanyar Jega

Zuwa ga Shugaban direbobin tasharmu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan alheri. Ni manomin albasa ne daga Jiga Makera, kuma tsoro ne ya sa na ɗauki biro.

Ranka ya daɗe, matata Hajara tana da ciki wata bakwai. Duk Alhamis nake kai ta awo Jega, kuma motar da ke tashi da wuri har mu sami layi a asibiti guda ce tak, ta direban nan da kuke kira Koci.

Na ɗaya. Wataƙila ba ka san inda ya samo sunan ba. Wani wasan ƙwallo ne a waya, inda mutum ke zama koci, wato mai horar da ƙungiya. ’Yan wasa suna bugawa da kansu, shi kuma yana gyara musu tsari. Wayar tana maƙale a gefen sitiyari tun daga tasha har Jega.

Na biyu. Ranar Alhamis da ta wuce, mun bar Aliero kaɗan aka zura wa ƙungiyarsa ƙwallo. Ina gidan gaba, na gani da idona. Ya cire mai tsaron baya ɗaya, ya ƙara ɗan gaba na uku, ya shiga jan ’yan gefe da babban yatsa yana tura su sama. Kansa a duƙe, motarmu kuwa ta bar hannunta ta hau na wasu. Ga tirela tafe da lodin albasa. Wallahi har fuskar direbanta na gani. Hon ɗinta ne ya ɗago kan Koci ya fizge sitiyari. Hajara ta damƙo kafaɗata daga baya, har yau shatin farcenta yana nan, kuma a asibiti sai da aka sake auna jininta sau biyu.

Na uku, wanda ya fi tayar mini da hankali. Da na yi masa magana, dariya ya yi, ya ce, “Baba kwantar da hankalinka, ba ni ka bugawa ba, su ka bugawa. Ni koci na.” Har zuciyarsa ya yarda ba wasa yake yi ba, don haka bai ga abin da zai bari ba.

Ba na neman a raba shi da abincinsa. Yana da iyali, kuma in ya kalli titi gwani ne. Roƙona biyu ne: a hana direba liƙa waya a gabansa in mota na tafiya, kuma kai da kanka ka zauna gidan gaba sau ɗaya ba tare da ka sanar da shi dalili ba.

Na lura in ƙungiyarsa na gaba da ci, ba ya taɓa wayar. Ni da ban taɓa zama kallon ƙwallo ba, jiya bayan sallar La’asar na tsinci kaina ina roƙon Allah Ya ba ’yan wasansa na cikin waya ƙwallo biyu da wuri, don matata da abin da ke cikinta su isa Jega. Jibi Alhamis ce, ranka ya daɗe.

Allah Ya yi maka jagora, Ya tsare direbobinka da waɗanda suke ɗauka, har da shi Kocin.

Wassalam.

Mijin Hajara,
Jiga Makera.