Karen da Na Ɓoye wa Inna

Yaya Yakura,

Gaisuwa mai yawa daga Faransa. Yaya Inna da yara? Gero ya fid da kai a Dungas?

Lafiyata lau, kada ki damu. Abu ɗaya na ɓoye muku: makarantar makafi ta ba ni kare ɗan jagora, ɗakinmu ɗaya. Don Allah kada Inna ta ji.

Wahalata mota ce. In na kira taksi ta waya, direba yana hango karen sai ya wuce, alhali doka ta hana. Ranar Talata huɗu suka bar ni cikin ruwan sama har jarrabawa ta wuce ni. Na ƙarshen ya tsaya, na ji yana waya da Hausar gida, ashe ɗan garin Bande ne, can wajenmu. Na roƙe shi. Ya ce, "Malam, yi haƙuri, a kujerar nan nake ajiye dardumata."

An ce in kai ƙara a raba shi da aikin. Na kasa, na san bakunan da yake ciyarwa a gida.

Ki aiko mini da muryar Inna, ku sa ni a addu'a. Na gaji, Yaya. A garin nan karen ne kaɗai bai taɓa tafiya ya bar ni ba.

Ƙaninki,
Laminu