Sunayen da Baba Ya Buga

Neiafu, 3 ga Mayu

Ƙanena Sēmisi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Losaline da yara kuna lafiya. Mu nan sai godiya, ban da idon Baba da ke ƙara dushewa.

An samu matsala a littafin zuriyarmu da Baba ke rubutawa da harshenmu na Tonga. Kai ka saka masa manhajar kamfaninku, yana danna kibod a nan, rubutun yana sauka a kwamfutarka can Auckland. Jiya ya ce in karanta masa abin da ya buga. Sēmisi, babu alama ko ɗaya. Layin da muke ja a kan wasali babu, ɗan waƙafin sama babu. Inda yake nufin taʻu, wato shekara, ya koma tau, wato yaƙi. Na karanta masa cewa kakarmu ta yi yaƙi tamanin a duniya. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Wanda ta yi da mijinta kaɗai ya fi haka." Da na shiga sunayen kakanni sai dariyar ta ɗauke. Wata takwas yana wannan aiki.

Ya ce in tambaye ka, tunda gwada manhajar nan shi ne aikinka.

Yayarka,
ʻAkanesi

Auckland, 11 ga Mayu

Yaya ʻAkanesi,

Ina gaishe ki da girmamawa, ki gaishe mini da Baba.

Ba zan ɓoye miki ba, na san wannan matsala tun bara. Idan mutum ya shiga kwamfutar da ke nesa, ita ba ta tambayar wane irin kibod ne a gabansa, sai ta ɗauka na Amurka ne, alamar da ba ta sani ba ta zubar. Ni na gano hakan a wajen gwaji, na rubuta rahoto. Shugabar sashenmu ta ce, "Mutum nawa ne ke rubutu da harshen Tonga?" Lokaci ya ƙure, kibod na Faransa da na Japan sun ci gwaji lafiya, sai na sa hannu. Da na zo haɗa wa Baba, wallahi abin ya fita daga raina.

Abin da ya fi ci mini rai, littafin yana cikin kwamfutata duk watannin nan, ban taɓa buɗe shi ba.

Na sake tayar da rahoton. Zan zo a Yuli, mu zauna da Baba mu mayar da alamomin ɗaya bayan ɗaya.

Ƙanenki,
Sēmisi

Neiafu, 2 ga Yuni

Sēmisi,

Bayan gaisuwa, Baba ya faɗi ranar Lahadi a ƙofar coci. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya daina magana. Kafin haka na karanta masa wasiƙarka, amma na tsallake inda ka ce ba ka buɗe littafin ba. Abin da ya ce kawai, "Yaron yana da aiki da yawa."

Yanzu ga yadda muke yi a asibiti. Ina faɗin suna da jan wasali, in sake faɗinsa ba ja, shi kuma ya matsa hannuna a kan wanda yake daidai. Mun yi talatin da ɗaya. Yana saurin gajiya, wani lokaci ya matsa duka biyun, hawaye na bin kunnensa.

Kada ka jira Yuli.

ʻAkanesi

Auckland, 29 ga Yuni

Yaya,

Ina gaishe ki, ya ƙarin haƙurinmu?

Na dawo lafiya. Kwana goma na yi a gida, ba ki ce mini komai ba sai "ga abinci". Ban ga laifinki ba. Da na hau jirgin Talata maimakon na Juma'a, da na same shi da rai.

An gyara manhajar. Yanzu ba za a fitar da sabuwa ba sai kibod na Tonga da na Samoa da na harshen Māori sun ci gwaji. Ni na buga kalmar gwajin farko, sunan Baba, Lātū. Ya sauka a ɗaya kwamfutar da layukansa biyu. Abokan aiki suka tafa, ni kuwa na fita waje na zauna a mota.

Na karanta littafin duka. Akwai shafi uku da Baba ya rubuta a kaina. Ki yafe mini.

Ƙanenki,
Sēmisi

Neiafu, 20 ga Yuli

Ƙanena,

Muna lafiya. Gwaggo Melenaite tana taya ni, ta tuna sunaye sittin da biyu. Saura ɗari da arba'in, babu mai rai da ya san yadda ake faɗinsu. Kada ka cika su da tsammani, ka bar su yadda suka iso maka.

Maganar yafiya, ban kai can ba tukuna. Amma ka kawo yara da Kirsimeti, Gwaggo na son ganinsu.

Yayarka,
ʻAkanesi