Hannun Hagu a Hanyar Isa

Daren Laraba, watan Rajab, Sabon Birni

Yau na fasa duma uku a jere, kuma da hannun hagu. Alhamdu lillahi.

Da hantsi munka fita bayan gari ni da Kawu Ila, wanda ya tsufa cikin yaƙin Gobir, da ƙaramar bindigar da na samo wurin Buzaye. Ya rataye duma a reshen aduwa daidai ƙirjin mutum, taku biyar daga inda nike tsaye. Na ɗura albarushi, na ɗaga da dama, sai ya cafke mini hannu.

Ya ce, "Ƙaƙa anka kama yayanka Sani a hanyar Isa?"

Na ce sallama anka yi mishi, ya miƙa hannu, mai gaisuwa ya riƙe gam, wani ya jefa igiya.

Ya ce, "To, ɗana, kai kana iya hana Musulmi hannu?"

Ba ni iyawa.

Ya ce, "Sai ka koya da hagu. Harbi ɗaya take yi."

Hannun da Inna ta sha buge mini in na kai shi akushi! Harbin farko ƙasa na tona, na biyu na ƙone hannun rigata. Kawu na riƙe da damata yana ta gaishe ni, har la'asar.

Jibi za ni bi hanyar nan neman labarin Sani. Duk wanda ya yi mini sallama za ni ba shi dama da zuciya ɗaya. Hagu na cikin riga, da bindiga.

Allah Ya sa ya saki hannuna.