Kiɗa Ƙasa-ƙasa a Runka

Litinin, 15 ga Afrilu, 2024
Sallah ta wuce, ko bikin suna ba a kira ni ba. Ni Muntaka, da kulob ɗin ma'aikata na Batsari ba ya cika sai na kunna disko! Yanzu duk mai waya DJ ne. Badaru mai tallan magani ya sake zuwa, yana shafa manyan sifikuna kamar mai tayin saniya. Na ce ya dawo ƙarshen wata. Matata Turai ta ce in sayar mu huta, kaji ma sun fara ƙwai a bayansu.

Alhamis, 18 ga Afrilu
Maijidda ta zo daga Runka, matar marigayi Jafaru. Allah ya jiƙansa, ban taɓa ganin mai taka rawar makosa irinsa ba. In ya shigo fili, ƙafarsa nake kallo in san abin da zan sa gaba. Ni na yi kiɗan bikinsu. Yanzu 'yarsu Surayya za ta aurar, kuma kaset ɗin waccan ranar take so.

Ta ce, "Amma Yaya Muntaka, ba janareto, ba manyan sifiku. Mai gari ya hana, ƙara tana jawo mutanen daji. Tsakanin azahar da la'asar za a yi, a tsakar gida."

Na ce kiɗan da maƙwabci bai ji ba ai ba kiɗa ba ne. Ba ta yi mini gardama ba, ta gyara mayafi ta tafi. Da ma ta zage ni, da ya fi sauƙi.

Asabar, 20 ga Afrilu
Na tono kaset ɗin a ƙasan akwati. Zaren ya saki, sai da na naɗe shi da biro. Yana tashi na ga kulob a idona: samarin Safana da Tsaskiya an jera babura, wanduna masu faɗin ƙafa, ba mai tunanin hanyar komawa. Ana jin bugun sifikuna har tasha. Wallahi ina kewar lokacin nan, kewa irin mai hana cin abinci.

Laraba, 24 ga Afrilu
Ba zan je ba. Da tsufana in koma kiɗan raɗa?

Alhamis, 25 ga Afrilu
Turai ta sayo batura ta ajiye kusa da ƙaramar rikoda. Na yi kamar ban gani ba.

Asabar, 27 ga Afrilu
Na je. A bayan a-kori-kura, kowa ya yi tsit yana kallon daji.

Turmi suka kife mini na ɗora rikoda. Na kunna, kiɗan ya fito kamar sauro. Hannuna sai kai kansa yake wajen ƙara murya, wata tsohuwa da suke kira Kaka tana hararata, ina janyewa. Mata na zaune, ba wadda ta motsa. Na ce a raina, Muntaka ka ga abin da ka jawo wa kanka.

Sai Maijidda ta miƙe. Ta ja da baya, ta karya kafaɗa, ta juya. Takun Jafaru sak. Amarya ta fito ta bi bayanta, ita da ba ta taɓa ganin ubanta a fili ba. Kafin a jima tsakar gida ta cika.

Na ji ƙafafu a kan yashi. Na ji warwaro, na ji numfashi, na ji Maijidda tana bin waƙar da baki tana kuskure. Duk shekarun nan sifikuna sun rufe mini wannan. Wata ta fara guɗa, ta tuna, ta cusa ta cikin mayafi. Nan ne hawaye suka zo mini. Na ce wa Kaka gumi ne, ta ce, "To, share gumin naka, juya mana kaset."

Talata, 30 ga Afrilu
Badaru ya kwashi sifikun. Ɗakin ya yi faɗi, kaji na ta neman wurinsu. Ya ce in haɗa masa da rikoda, na ce ta lalace.

Wata mata a Tsaskiya ta aiko, biki a sati mai zuwa. Na ce zan duba. Batura dai na sayo, don kawai na Turai sun yi sanyi.